Masu Sayen Kaso A Kasuwancinmu: Abin Da Muka Fahimta Bayan Karanta Takardunsu



Akwai maganar da ta fara yawo a tsakanin manyan 'yan kasuwarmu na nan Legas, musamman waɗanda Allah Ya buɗa wa har harkarsu ta wuce shago ɗaya: masu tireloli a Apapa, masu ɗakunan sanyi na kifi da nama, masu kai masara da waken soya kamfanonin abincin kaji, da masu fitar da riɗi, citta da zoɓo ta tashar jiragen ruwa. Wai akwai wasu kamfanoni da ke zuba kuɗi masu nauyi a kasuwancin mutum, babu jingina, babu kuɗin ruwa. 'Yan boko suna ce wa harkar furaibet ikwiti. Mu a nan za mu riƙa kiran su masu sayen kaso, don shi ne ainihin abin da suke yi.

Idan maganar ta taso a zaure, jama'a kan rabu biyu. Wasu su ce ai 'yan damfara ne kawai suka sake salo. Wasu kuma, galibi 'ya'yanmu da suka dawo daga makaranta, su ce wannan ita ce hanyar da Dangote na gobe zai fito. Mu da muke ofishin sakatare, da yake mu ake kawo wa takarda a ce a karanta a fassara, mun ga irin waɗannan wasiƙu da daftarin yarjejeniya fiye da sau ɗaya, kuma abin da ke ciki bai yi daidai da zaton kowane ɓangare ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta abin da muka fahimta, da harshen da Alhaji zai karanta da kansa ba sai an yi masa tafinta ba.

Ɗan kasuwar da ke son faɗaɗa harkarsa fiye da ƙarfin aljihunsa hanyoyi kaɗan gare shi. Ko ya je banki ya ci bashi, ya ajiye takardar gida, ya biya da ruwa ko ya ci riba ko bai ci ba. Ko kuma, idan ya kai girman su Dangote Cement da BUA, ya shiga kasuwar hannun jari, kowa ya saya. Masu sayen kaso suna tsakanin waɗannan biyun. Suna zuwa wurin kamfanin da ba ya cikin kasuwar hannun jari, su ba da kuɗi, a ba su wani yanki na mallakar kamfanin. Idan an ci riba da su, idan an faɗi da su. Har nan babu baƙon abu ga Bahaushe, tun kakanni muna haɗa jari.

Inda suka bambanta da abokin haɗin jarin da muka saba shi ne, kuɗin da ke hannunsu ba nasu ba ne, kuma an ɗiba musu lokaci. Sukan tara kuɗin ne a asusu guda daga hannun manyan masu ajiya: asusun fansho, kamfanonin inshora, attajirai, da cibiyoyin raya ƙasashe irin su IFC ta Bankin Duniya, BII ta Ingila wadda da ake kira CDC, DEG ta Jamus da Proparco ta Faransa. A al'adar harkar, asusun yakan yi shekara 10. Shekarun farko a sayi kamfanoni, na ƙarshe a sayar, a mayar wa masu kuɗi uwar kuɗinsu da ribarsu. Su masu juya asusun sukan ɗauki kusan kashi 2 cikin 100 na kuɗin duk shekara a matsayin ladan aiki, sannan kusan kashi 20 cikin 100 na ribar, bayan masu kuɗin sun fara samun wani abin da aka yanka musu, wanda sau da yawa kashi 8 ne a shekara.

Mutanenmu na Oko-Oba za su fi kowa saurin gane wannan. Mai kiwon turke ba ya sayen sa don ya tsufa da shi. Ranar da ya saya ya riga ya san watan da zai sayar, kuma duk dusa da harawar da yake zubawa lissafin ranar kasuwa yake yi. Ba mugunta ba ce, sana'arsa ke nan, kuma san yakan yi ƙiba da gaske. Abin lura kawai shi ne a wannan cinikin san naka ne, kai ka raine shi tun yana maraƙi, sunanka ke jikinsa, kuma bayan shekara 4 zuwa 7 abokin kiwonka zai ce lokaci ya yi. Duk wanda zai zauna da su ya fara da tambayar wa za su sayar wa, kuma yaushe. Idan asusun nasu ya riga ya ci shekara 6, to ka san zaman naku gajere ne.

Ba labarin Turai kaɗai muke ba ku ba, abin yana cikin ɗakunanmu. Katifar Mouka da yawancinmu ke kwana a kai, asalinta daga kamfanin iyalan Moukarim take. A 2007 kamfanin Actis ya sayi kaso mafi rinjaye, a 2015 ya sayar wa Abraaj na Dubai. A 2018 Abraaj ɗin ya durƙushe bayan wasu daga cikin masu ba shi kuɗi, har da gidauniyar Bill Gates, sun nemi a bincika yadda aka yi da kuɗin wani asusun lafiya. Daga baya wani kamfanin katifa na Maroko, Dolidol, ya sayi Mouka. Katifa dai tana nan a kasuwa, ma'aikata na aiki, amma ku ƙirga hannun da kamfanin ya bi cikin shekara 15. Fan Milk da yara ke bin kekensa, a 2013 Abraaj da Danone na Faransa suka saye shi tare, zuwa 2019 ya koma hannun Danone gaba ɗaya. Interswitch mai katin Verve, wanda Mitchell Elegbe ya kafa a 2002, kamfanin Helios ya shiga cikinsa a 2010, kuma a 2019 da Visa ta sayi kaso an yi wa kamfanin kuɗi dala biliyan 1. Ko a gida, a 2015 Sahel Capital ya zuba jari a kamfanin madara na L&Z da ke Kano. Saboda haka wanda ya ce duk damfara ce bai yi adalci ba. Akwai waɗanda suka shiga da ƙaramin kamfani suka fito da babba.

To yanzu ga inda muke son mu daɗe, don nan ne abin ya fi shafar mu: yadda suke yi wa kasuwanci kuɗi. Ba sa ƙirga shekarun da ka yi kana wahala, ba sa ƙirga yawan mutanen da ke gaishe ka a kasuwa. Ribar shekara suke dubawa, kafin a cire haraji da kuɗin ruwa da tsufan kayan aiki, sai su ninka ta sau wani adadi gwargwadon irin sana'ar da hatsarinta. Kuma ribar da suka sani ita ce wadda takarda ta tabbatar. Abin da ke cikin kan Alhaji, ko cikin littafin nan mai jan bango da ke ƙarƙashin kanta, bai shiga lissafi ba.

Mu ɗauki misali, ba na wani ba, don a gane. A ce mai ɗakunan sanyi yana cin ribar naira miliyan 300 a shekara, shi ya san haka, yaransa sun sani. Amma rabin cinikin da tsabar kuɗi ake yi, wani yana shiga asusun kansa, wani na ƙaninsa, wani na babban yaron shago. Da masu binciken kuɗi suka gama, miliyan 120 kawai suka iya tabbatarwa. A ce an yarda a ninka sau 5. Da ribar gaskiya kamfanin ya kai biliyan 1 da miliyan 500, da ribar takarda kuwa miliyan 600 ne. Yanzu mai sayen kaso ya kawo miliyan 400 a ƙara ɗakuna da motoci. A lissafin farko zai tashi da kusan kashi 21 cikin 100 na kamfanin. A na biyu kashi 40. Kuɗi ɗaya, kasuwanci ɗaya, amma rashin rubutu ya ci wa mutum kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya gina. Babu wanda ya zalunce shi a teburin ciniki, tun shekarun baya aka yi asarar.

Binciken nan nasu kuwa ba na kwana biyu ba ne, yakan ɗauki watanni. Akantoci da lauyoyi za su zo su zauna maka a ofis. Za su fara da tambayar ko kamfani ne mai hannun jari da aka yi wa rajista a CAC, ko sunan kasuwanci ne kawai. Da yawanmu na biyun muke da shi, muna kiransa kamfani, alhali babu hannun jarin da za a sayar wa kowa a cikinsa. Za su nemi takardun haraji na shekarun baya. Za su tambayi fanshon ma'aikata, su tambayi inshorar motoci. Za su nemi takardar filin da sito yake kai, kuma a Legas kun san abin da wannan ke nufi: rasit ɗin 'yan gadon ƙasa ba ya wadatar da su, shaidar mallaka ta gwamnati suke so, da amincewar gwamna idan saye aka yi daga wani, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Za su ga tirela goma sha biyu a yadi, su tarar bakwai da sunan Alhaji, uku da sunan Hajiya, biyu har yanzu da sunan wanda aka saya a hannunsa. Za su ga sunayen ma'aikata arba'in, su tambayi aikin kowa, a rasa abin da za a ce game da mutum tara, don 'ya'yan 'yan uwa ne da aka turo daga gida.

Akwai tambaya ɗaya da kusan ko yaushe suke yi, wadda ba ta yi wa manyanmu daɗi: idan yau mai kamfanin ya kwanta ciwo wata uku, wa ya san farashin da ake saye, wa masu kawo kaya za su yarda su ba bashi, wa zai sa hannu a banki? Mun ga dattijon da ya tashi daga zama saboda wannan tambayar, ya ce fatan mutuwa ake yi masa. Amma tambayar tana kan hanya. Mu ma da muke zaman sulhun gado mun san amsarta.

Wani abin da ake yawan ruɗewa a kai shi ne inda kuɗin zai tafi. Idan sabon hannun jari aka ƙirƙira aka sayar musu, kuɗin na kamfani ne, ko sisi ba ya shiga aljihunka, kuma an rubuta abin da za a yi da shi. Idan kuma daga naka kason ka yanka ka sayar, kuɗin naka ne, amma kamfani bai ƙaru da komai ba. Wanda ya ji an ambaci miliyan 400 ya fara lissafin ginin gida a garinsu da auren 'ya'ya, ya tsaya ya tambaya tukuna wanne ake nufi.

Sai batun iko. Mutum zai ce ai kashi 30 kawai na sayar, 70 na hannuna, ni ke da magana. A takarda ba haka abin yake ba. Yarjejeniyar masu hannun jari takan zo da jerin abubuwan da ba za a yi ba sai mai ƙaramin kaso ya amince: cin bashin da ya wuce kaza, sayen kadara ko sayar da ita, kasafin shekara, albashin manya, naɗa ko cire shugaban sashen kuɗi, shiga sabuwar sana'a, ciniki tsakanin kamfani da ɗan uwan mai kamfani. Za su sa mutanensu a hukumar daraktoci. Rahoton kuɗi duk wata. Kai da ka saba ɗaga waya ka ce a loda mota biyu a kai wa wane, ya biya bayan sallah, yanzu sai ka bi ta kan wani yaro mai kwamfuta da bai kai ɗanka na fari ba.

A nan muna da ra'ayi, kuma za mu faɗe shi. Wani abin da suke kira ɓarna, ɓarna ce da gaske, mu ma mun sani: man da ke ɓacewa tsakanin Ogere da Jebba, kayan da ke fita sito babu rubutu, ɗan uwan da ba a iya kora. Idan baƙo ya zo ya toshe wannan, ya yi maka abin da kunya ta hana ka yi. Amma wani abin da suke gani ɓarna, shi ne ainihin jarin. Bashin amana da ake ba abokin ciniki na shekara ashirin, kuɗin da ake tura wa manomi tun kafin damina ba tare da takarda ba, ɗawainiyar direban da ya yi hatsari, da waɗannan ne kaya ke zuwa hannunka ranar da kowa ke nema ya rasa. Wanda ya yanke su don rahoton wata ya yi kyau, zai ga sakamakon a kaka ta biyu. Maganin ba faɗa ba ne bayan an sa hannu. Tun a wurin ciniki za ka sa a rubuta iyakar bashin da kake da ikon bayarwa da kanka, a rubuta albashinka a fili, a ware abin da kamfani zai riƙa fitarwa na taimako duk shekara. Hidimar gida da ta zumunci kuwa daga ranar ta koma kan albashinka da ribar kasonka. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ba, gara ya sani tun yanzu, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Shafukan ƙarshe na yarjejeniyar, waɗanda gajiya kan sa a tsallake, su ne na fita. Akwai sharaɗin da ke cewa idan suka samu mai sayen kamfanin gaba ɗaya, za su iya jan ka ka sayar da naka tare da su a farashi ɗaya, ko kana so ko ba ka so. Akwai na kishiyarsa, wanda ke ba mai kaso damar bin ɗan uwansa idan zai sayar, kada a bar shi da baƙon da bai zaɓa ba. Wannan ka tabbata kai ma ya rufe ka. Akwai mai cewa idan an sayar da kamfanin su za su fara cire kuɗinsu, wani lokaci har da ƙari, kafin a raba saura, wanda ke nufin idan cinikin bai yi kyau ba mai kashi 70 na iya tashi da abin da bai kai rabi ba. Akwai mai hana ka buɗe irin sana'ar na wasu shekaru bayan ka bar kamfanin, sana'ar da ita kaɗai ka iya. Akwai mai cewa idan rigima ta taso, a Landan za a yi sulhu, da kuɗin lauyoyin can. Wanda ya fi tsorata mu shi ne mai cewa idan shekara kaza ta cika ba a samu mai saye ba, kai ne za ka sayi kasonsu a farashin da aka riga aka tsara yadda za a lissafa. Ka duba da kyau, da wane kuɗi aka rubuta shi?

Domin yawancin asusun nan da dala aka tara su, kuma da dala za su mayar. A 2014 dala tana wajen naira 160. A 2016 ta haura 300 a farashin gwamnati. Kafin Yunin 2023 tana kusan 460, a 2024 kuwa ta wuce 1,500. A ce sun zuba dala miliyan 1 lokacin da take 460, wato naira miliyan 460. Ka yi aiki ba dare ba rana, kasonsu ya ninka ya zama miliyan 920. Kai a wurinka an yi nasara. Su da suka juya shi a 1,500, abin da ke hannunsu kusan dala 613,000 ne kawai, sun yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku. Daga nan za ka gane dalilin da suke matsa lamba a ƙara farashi, a rage ma'aikata, a nemi kasuwar waje, da dalilin da suka fi son mai fitar da riɗi ya karɓi dala a kan mai sayar da shinkafa a Daleko. Idan kuma sharaɗin saye-da-dole da dala aka rubuta shi, wannan giɓin gaba ɗaya a wuyanka zai sauka.

A Amurka da Turai akwai salon da ya fi ɓata wa harkar suna, inda ake sayen kamfani da kuɗin aro, sannan a ɗora bashin a kan kamfanin da aka saya. Kantin kayan wasan yara na Toys R Us, a 2005 wasu kamfanoni uku, KKR, Bain Capital da Vornado, suka saye shi kan dala biliyan 6.6, mafi yawa da bashi. Ya yi shekaru yana biyan ruwa na ɗaruruwan miliyoyi duk shekara, a 2017 ya bayyana karyewa, a 2018 ya rufe shagunansa na Amurka, mutum sama da 30,000 suka rasa aiki. A nan ƙasar tsadar ruwan banki ta sa ba a cika yin wannan ba, an fi zuba kuɗi don faɗaɗawa. Duk da haka a tambaya: bayan kun shigo, kuna da niyyar ciyo wa kamfanin bashi? Nawa, kuma wa zai tsaya?

Mun san da yawa za su tambayi halaccin abin. Mu ba malamai ba ne, amma ko ɗalibi ya san haɗa jari a raba riba da asara yana da asali a musharaka da mudaraba, kuma a kan irin wannan ne bankin Jaiz ya fara aiki a 2012. Wurin da ake buƙatar idon malami shi ne sharuɗɗan: wanda ke lamunce wa ɓangare ɗaya uwar kuɗinsa, wanda ke yanka masa riba tsayayya ko an samu ko ba a samu ba, da kuɗin da ake shigo da shi rabi jari rabi bashi mai ruwa. A kai wa malamin da ya san mu'amalar zamani takardar kanta, fassararriya, kada a tsaya ga ba shi labari da baki.

Kalma biyu ga 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke riƙe da muƙaman manaja a kamfanonin wasu, don su ma abin na iya faɗo musu. Idan masu sayen kaso suka shiga inda kake aiki, watannin farko na auna mutane ne, kuma sashen kuɗi suka fi fara taɓawa. Wanda ya iya kawo lissafinsa a kan lokaci, ya kuma faɗi matsala kafin a gano ta, yakan samu ɗaukaka da sauri fiye da yadda zai samu a hannun mai gida ɗaya. Sau da yawa sukan yi wa manyan ma'aikata alkawarin ɗan kaso. Ka tambaya shekara nawa za ka yi kafin ya zama naka, me zai faru da shi idan ka ajiye aiki ko aka sallame ka, kuma ka sani ba ya zama kuɗi sai ranar da aka sayar da kamfanin. Kada a rage maka albashin yau da sunan kason da ba a sa masa rana ba.

Gaskiyar da ba za mu ɓoye ba ita ce, yawancin mambobinmu waɗannan kamfanoni ba za su taɓa ƙwanƙwasa musu ƙofa ba. Kuɗin binciken da na lauyoyi kaɗai ya sa ba sa kallon cinikin da bai kai miliyoyin daloli ba. Saboda haka idan wani ya same ka a rumfarka ta Mile 12 ko Alaba Rago da jaka da katin suna, ya ce yana da Turawa masu son zuba jari, ka fara biyan kuɗin fom ko na buɗe fayil, to ka san da wa kake magana. Masu sayen kaso na gaske ba sa karɓar kuɗin fom. Suna da ofis, suna da jerin kamfanonin da suka shiga, kuma asusun da aka kafa a ƙasar nan yana ƙarƙashin kulawar hukumar SEC, ana iya bincikawa. Mafi amfani ma, ka nemi su haɗa ka da masu kamfani biyu ko uku da suka taɓa shiga wurinsu, har da wanda abin bai yi daɗi ba, ka je ka zauna da su ba tare da ɗan rakiya ba. Kuma lauyan da zai karanta maka takarda ya zama naka, kai ke biyansa, wanda ya taɓa yin irin wannan aikin. Lauyan da ya yi maka takardar fili ba lallai ne ya iya wannan ba.

To me ya sa muka cika ku da dogon rubutu a kan abin da zai shafi mutum kaɗan? Saboda zaman rabon gado. Sau nawa muka zauna a kan dukiyar bawan Allah da ya shekara talatin yana gini a garin nan, aka raba tireloli ɗaya-ɗaya, wannan ya sayar, wancan ya ba direba ya gudu da ita, sito ya koma hannun mai ƙasa don babu takarda, masu bashi suka yi shiru don babu rubutu, cikin shekara biyu ko allon sunan ba a gani? Duk abin da mai sayen kaso ke nema kafin ya ba da kuɗinsa, shi ne abin da marayu ke nema ranar da babu mai gida. Idan kamfani ne mai hannun jari, kadarori da sunansa, magada sai su gaji kaso gwargwadon rabon kowa, motoci su ci gaba da tafiya, wanda ke son kuɗinsa 'yan uwa su saya a hannunsa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma sauƙaƙa, mutum ɗaya na iya yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai.

Wanda ke da irin wannan wasiƙa ko daftari a hannu yanzu, kada ya sa hannu ko da a kan takardar farko da suke cewa ta fahimtar juna ce kawai, domin a cikinta ake saka sharaɗin hana ka magana da wani mai saye na tsawon watanni, kuma farashin da aka rubuta a ciki da wuya ya ƙara hawa, sai dai ya sauka bayan bincike. Ya kawo ta ofis bayan la'asar, mu karanta tare shafi-shafi, mu fitar da tambayoyin da zai kai wa lauyansa. Abin da muka gani a takardar mutum a ofis yake tsayawa.

Allah Ya sa albarka a nemanmu. Wassalam.

Sakataren ƙungiya